Waiwaye: Ina mai shaye-shaye zai nufa idan yana son dainawa a Gombe?

Wani dare bayan isha'i, wata maƙwabciyarmu ta yi sallama a zauren gidanmu, ta durƙusa daga bakin ƙofa, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Ta ce wa mahaifina, "Baba Malam, yaron nan ya sayar da keken ɗinkina. Jiya kuma da bakinsa ya ce mini, Inna, ina son in daina, na kasa. To ina zan kai shi?" Mahaifina ya jima yana jan carbi kafin ya lissafa mata wurare uku: wurin hukuma, gidan mari, ko asibitin da kowa ke kira na mahaukata. Ta girgiza kai. "Baba, ɗana ba mahaukaci ba ne."

Ba mahaifina ne ya ƙirƙiro wannan lissafi ba, gadonsa muka yi. Tun 1916 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar masu taɓin hankali, aka sabunta ta a 1958, kuma tsarewa ta fi mayar da hankali a kai, ba jinya ba. Da ita aka yi ta tafiya har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Shekaru fiye da ɗari ke nan mutane suna ganin duk wanda ya shiga wannan sashe na asibiti an gama da shi. Shekara biyu ko uku ba za su wanke wannan daga zukata ba.

Ta ɓangaren ƙwaya kuwa, da bindiga gwamnati ta fara sallama. Doka ta 20 ta 1984 ta yanke hukuncin kisa ga masu fataucin miyagun ƙwayoyi, aka harbe mutum uku a Legas a Afrilun 1985. Daga baya aka soke kisan, aka kafa hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da Doka ta 48 ta 1989. A lokacin, masu safarar hodar ibilis ta filin jirgin sama ne abin damuwa, ba yaron da ke shaƙar sholisho a bayan tasha ba. Amma dokar ta haɗa har da mai sha, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da hodar ibilis da danginta. Hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, gaskiya ne. Sai dai wace uwa ce za ta kama hannun ɗanta ta kai shi ofishin da ta san kame ake yi?

Mu a nan, siyasa ce ta ƙara dagula lamarin. Bayan an cire Gombe daga Bauchi a 1996 aka dawo mulkin farar hula, sai ga 'yan daban siyasa, a Gombe 'yan Kalare, a Bauchi kuma Sara-suka. Kowa ya san wanda ke sayen wiwi da ƙwaya idan kamfen ya zo, ya kuma san wanda ake bari da jarabar idan an rantsar da masu nasara. Tun daga nan sunan ɗan ƙwaya ya manne da na ɗan daba, unguwa ta koma maganinsa da 'yan sintiri da bulala. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin da yawan yaran ba su taɓa riƙe adda ba.

Sai kodin da tiramol suka shigo ta kemis, cikin kwalba da kwali masu tsabta, suka ratsa har ɗakunan matan aure. A Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, ɗaya cikin huɗu mace ce. Gombe ta fito da kashi 21.2 cikin ɗari, gaba da kowace jiha a arewa maso gabas, Bauchi na da kashi 16. Cikin waɗanda abin ya yi wa mugun kamu, kusan kashi 40 sun ce sun so magani ba su samu ba, saboda tsada da tsoron tsangwama.

Wannan giɓin ne gidajen mari suka cike. Suna kusa, akwai sunan malam a kai, kuma asiri a rufe. Da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, an rufe irinsu da dama. Rufewar daidai ce, amma iyaye sun koma gida da 'ya'yansu ba a nuna musu wata ƙofa ba.

Yau akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. NDLEA, wadda Buba Marwa ya karɓi shugabancinta a Janairun 2021, ta buɗe layin kira kyauta a 2022. Duk da haka mutumin Nafada ko Dukku sai ya haɗa kuɗin mota da na kati da na magani, ba kuma zuwa ɗaya ba. Mace kuwa sai ta fara tunanin aurenta.

Maƙwabciyarmu dai ta kwashi adashinta, ƙanenta ya ɗauki yaron a babur zuwa asibiti da asuba, kafin masu ɗibar ruwa su fito. Har yanzu yana komawa ganin likita duk wata. Idan mata suka tambaye ta a gidan suna, sai ta ce olsa ce ke damunsa.