Ma'anar "junior heavyweight" a kokawar zamani da tarihin kambunsa a Japan

Mai kallon kokawar zamani, wadda jama'a suka fi sani da resilin, yakan ji mai sanarwa ya ambaci "junior heavyweight" kafin a fara wasa, musamman idan daga Japan aka haska wasan. Da yawa sukan ɗauka cewa yara ake nufi ko sabbin shiga sana'ar, amma kalmar ba ruwanta da shekaru ko daɗewa a fage. Aji ne na nauyin jiki, wato ajin 'yan kokawar da nauyinsu bai kai na manyan ƙarti ba, kuma an ga waɗanda suka haura shekara 50 suna kokawa a cikinsa har suka yi ritaya. A kamfanin New Japan, inda ajin ya fi daraja a duniya, iyakar ita ce kilo 100. Kamfanonin Amurka ma sun yi irin wannan aji da wani suna dabam, kuma iyakarsu ta bambanta: WCW ta tsayar da kimanin kilo 102, WWE kuma ta sauko zuwa kimanin kilo 93 a lokacin da ta farfaɗo da nata a 2016.

Kafin a fahimci amfanin wannan iyaka, sai an tuna cewa kokawar zamani ba kamar kokawar gargajiya take ba, inda ba wanda ya san wanda zai yi kaye sai an shiga fili. A nan masu kamfani ne suke tsara wanda zai ci da wanda zai faɗi, ko da yake faɗuwar da raunin da ake ji na gaske ne. Saboda haka ba don a yi adalci tsakanin ƙato da ƙarami aka raba aji ba, kamar yadda ake yi a damben zamani, kuma ba kasafai ake fito da sikeli a gaban jama'a ba. An raba shi ne domin a ba wa masu ƙaramin jiki kambun da za su yi takara a kansa, da salon da za a san su da shi, wato sauri da tsalle da sarrafa jiki a sama. Wannan rabo ya ɗaga su, ya kuma yi musu rufi a lokaci guda, kuma tarihin kambun kusan duk a kan wannan ja-in-ja ya ginu.

Asalin ajin daga Amurka ne. Leroy McGuirk ya riƙe kambun duniya na wannan aji a shekarun 1940, sannan Danny Hodge ɗan jihar Oklahoma, wanda ya ci lambar azurfa a kokawar gasar Olamfik ta 1956, ya mamaye shi a shekarun 1960 zuwa 1970. Salon wancan zamani na riƙo ne da murɗa gaɓa a ƙasa, babu tashi sama. Japan ce ta sauya wa ajin kama. A ranar 23 ga Janairu 1978, Tatsumi Fujinami, almajirin Antonio Inoki wanda ya kafa New Japan a 1972, ya kayar da José Estrada a zauren Madison Square Garden da ke Niyok, ya karɓi kambun wannan aji na kamfanin da daga baya aka sani da WWF, wato WWE ta yau, ya tafi da shi gida. Ya riƙe shi kusan shekara 4, in ban da wani ɗan lokaci da ya kuɓuce masa, sannan ya ajiye shi a 1981 ya koma ajin masu nauyi. A wannan shekarar ce Satoru Sayama ya bayyana da fuskar damisa da sunan Tiger Mask, kuma karawarsa da Dynamite Kid ɗan Ingila ta nuna wa masu kamfani cewa mutane biyu masu ƙaramin jiki za su iya tara jama'a a gaban talabijin. Zamanin Tiger Mask bai kai shekara 3 ba, domin ya bar kamfanin a 1983, amma kusan duk wanda ya zo bayansa a wannan aji daga gare shi ya ɗauki wani abu.

Da hulɗa ta yanke tsakanin New Japan da WWF a 1985, sai kamfanin New Japan ya ga ba shi da kambun da zai ba wa wannan aji, ya ƙirƙiri nasa da sunan IWGP. An shirya gasa, kuma a ranar 6 ga Fabrairu 1986 Shiro Koshinaka ya doke The Cobra a wasan ƙarshe ya zama zakara na farko. Abin lura shi ne, wannan kambu ya girmi na manyan ajin IWGP da ake karewa wasa bayan wasa, wanda sai a 1987 aka kafa shi. Shekarar farko ta tafi ne a kan adawar Koshinaka da Nobuhiko Takada, wanda ya zo da salon shuri mai tsanani, Koshinaka kuma yana shan dukan yana miƙewa, har jama'a suka ƙaunace shi saboda juriya. A 1988 Owen Hart ɗan Kanada ya kayar da Hiroshi Hase, ya zama baƙo na farko da ya ɗaura wannan ɗamara.

Ba a ba da labarin kambun ba tare da an daɗe a kan Jushin Thunder Liger ba. Tun yana matashi New Japan ta ƙi karɓarsa saboda gajarta, ya tafi Meziko da kuɗinsa domin ya koyi sana'ar, daga bisani aka ɗauke shi. A watan Afrilu 1989 ya fito a babban filin Tokyo Dome cikin shigar wani jarumin zanen talabijin, da abin rufe fuska da riga mai rufe jiki duka, kuma bayan wata guda ya karɓi kambun daga hannun Hase. Sau 11 ya riƙe shi, adadin da ba wanda ya kai. Mafi tsawon riƙonsa ya fara ne a ranar 4 ga Janairu 1993, ya ɗauki kwana 628, kuma ba kaye ne ya kawo ƙarshensa ba, karaya ya samu a idon sahu a watan Satumba 1994 ya ajiye. Shi ne ya ƙirƙiro tsallen nan da ɗan kokawa yake hawa saman igiya yana fuskantar abokin karawarsa da ke kwance, ya yi tsalle gaba amma ya juya jikinsa ta baya a cikin iska, gwiwoyi a naɗe, sannan ya buɗe jiki ya sauka da ƙirji a kansa. Kuskuren rabin juyi a wannan tsalle yana nufin sauka da wuya.

A ganina, aikin Liger a bayan fage ya fi wasanninsa tasiri. Shi ne ya jagoranci shirya gasar Super J-Cup ta ranar 16 ga Afrilu 1994 a zauren Ryogoku, inda aka tara 'yan wannan aji daga kamfanoni masu gaba da juna a dare guda, ba tare da ko mutum ɗaya daga manyan aji ba, zauren kuma ya cika. Bai ba wa kansa nasara ba: The Great Sasuke, mai wani ƙaramin kamfani a arewa maso gabashin Japan, ya fitar da shi a wasan kusa da na ƙarshe, Chris Benoit kuma, da sunan Wild Pegasus, ya ci gasar. Bayan shekara 2 aka ƙara gaba. A watan Agusta 1996 aka haɗa kambu 8 na ƙananan azuzuwa, har da na IWGP, aka mayar da su abu ɗaya mai suna J-Crown. Sasuke ya doke Último Dragón a wasan ƙarshe duk da tsagewar ƙashin kai da ya samu ana cikin wasan. Zakara ɗaya ba ya iya ɗaukar ɗamarun duka, sai an jero masu riƙe masa su a bayansa idan zai shiga fage, kuma akwai lokacin da Último Dragón, bayan ya karɓe su daga Sasuke, ya tara kambu 10 a hannunsa. Tsarin bai yi ƙarko ba, domin kowace ɗamara da mai ita. A ƙarshen 1997 WWF ta nemi a mayar mata da tata, sai Shinjiro Otani, wanda yake riƙe da su a lokacin, ya saki sauran ya tsaya da na IWGP kaɗai.

Akwai kuma abin da kamfanin New Japan ya so a manta. A ranar 29 ga Nuwamba 1999, a shirin talabijin na WCW a Amurka, Juventud Guerrera ɗan Meziko ya buga wa Liger kwalbar giya a ka, ya danne shi alƙali ya ƙirga uku. Bayan mako guda Liger ya karɓo kambun daga hannun Psicosis, wanda ya tsaya a madadin Guerrera saboda rauni. New Japan ta ga an wulaƙanta kambunta, ta yi shekaru ba ta sanya wannan sauyi a cikin jerin zakarunta ba, sai a 2007.

Shekarun 2000 sun wuce ba tare da armashin da ya gabata ba, ko da yake a cikinsu ne Minoru Tanaka, da sunan Heat, ya kare kambun sau 11 a riƙo guda, Tiger Mask na huɗu kuma ya riƙe shi sau 6. Daga 2010 ajin ya sake tashi, amma da wata sabuwar matsala, domin ya zama tsani. Prince Devitt ɗan Ayalan ya kafa ƙungiyar Bullet Club a 2013 yana riƙe da kambun, ya tafi WWE a 2014 inda aka san shi da Finn Bálor. Kenny Omega ya riƙe shi sau 2, ya koma manyan aji a 2016, ya ci babban kambun kamfanin a 2018. Kota Ibushi da Will Ospreay, kowannensu zakara sau 3 a ƙaramin aji, sun bi wannan hanya, dukansu kuma suka hau babbar kujerar a 2021. Kushida, wanda ya riƙe shi sau 6, ya tafi Amurka a 2019. A nan ne ma'anar kalmar take fitowa fili: duk wanda ya yi fice ƙwarai, sai a ce ya girmi ajin, ya ƙara 'yan kilo ya wuce. Ko a wasan bikin cikar shekara na kamfanin, inda aka sha haɗa zakaran ƙaramin aji da na babba, kamar Ibushi da Kazuchika Okada a 2014 ko Ospreay da Okada a 2018, babban ne yake yin nasara, kamar yadda Shinya Hashimoto ya kayar da Liger a 1994.

Hiromu Takahashi ne ya fi fitowa fili ya ƙi wannan tsari, yana cewa burinsa ya kai ajin ga rufe babban taron Tokyo Dome ba tare da ya bar shi ba. A watan Yuli 2018 ya karye a wuya a wani wasa da Dragon Lee a Amurka, ya kammala wasan a haka, ya yi jinyar fiye da shekara guda, sannan ya dawo ya karɓi kambun daga Ospreay a ranar 4 ga Janairu 2020, a taron da Liger ya yi wasanninsa na bankwana yana da shekara 55. Abokin adawarsa El Desperado ya tsaya a kan wannan ra'ayi. A wasan ƙarshe na gasar shekara-shekara ta wannan aji, mai suna Best of the Super Juniors, a watan Disamba 2020, Takahashi ya yage masa abin rufe fuska, shi kuwa maimakon ya sunkuya ya ɓoye fuskarsa kamar yadda al'adar masu rufe fuska take, sai ya cire sauran da hannunsa ya ci gaba da wasa a haka. Takahashi ne ya ci ranar. A watan Yuni 2024 kamfanin ya sanya wasan ƙarshe na wannan gasa ya rufe babban taronsa na Dominion a birnin Osaka, sama da wasan babban kambu, kuma El Desperado ya doke Taiji Ishimori ya ɗauki kofin.