Ma'anar "ejan na AI", da abin dubawa a takardunsa kafin a ba shi amanar manhaja

Kalmar ejan ba baƙuwa ba ce a kunnen mutumin Nima ko Mamobi. Ejan shi ne mai rumfar MoMo a bakin titi, ko dillalin da ke nemo maka ɗakin haya ya karɓi la'adarsa. Yanzu kuma ga "ejan na AI" ya shigo gari, kuma a rediyo da tarukan matasa masu ƙera manhaja a Accra ana liƙa sunan ga duk na'urar da aka yi wa tambaya ta amsa. Nan kuskuren yake. Wanda ka tambaya ya amsa, ka karanta ka yanke shawara da kanka, abokin hira ne kawai. Ejan kuwa makullai aka miƙa masa: ya buɗe fayil, ya gyara, ya shiga asusunka, ya cike fom, ya tura, ya ɗauki mataki na gaba ba sai ya waiwaye ka ba. Asalin kalmar ma daga Latin ne, daga wani aikatau mai nufin yin aiki.

Da an bi ta Hausa, da wakili aka ce, kuma da ruɗanin ya ragu. Duk wanda ya taɓa zama wurin ɗaurin aure ya san wakili. Ango yana can bayan sahu ko ma yana gida, wakilinsa ne ke nema masa aure, shi ke cewa ya karɓa masa, amma auren kan ango yake hawa, da ci da sha da tufafi. Shi ya sa ba a tura wakili haka siddan. Tun kafin ranar an gaya masa sadaki nawa ne, lakadan ne ko ajalan, an nuna masa inda bakinsa zai tsaya, sannan ga shaidu suna jin duk abin da ya furta. Babu dattijon da zai yarda a ce wa wakili "je ka yi yadda ka ga dama", balle a ɗaura a ɗaki ba shaida. Abin mamaki, haka wasu ke yi da ejan ɗin da ake tallata cewa zai kula musu da ƙa'idojin sirrin masu amfani da manhajarsu.

Aikin da ake ba shi na gaske ne, kuma mai gajiyarwa. Tun Disamba 2020 Apple ke neman kowace manhaja ta bayyana bayanan da take tarawa, daga 1 ga Mayu 2024 kuma ya ƙara da fayil ɗin PrivacyInfo.xcprivacy, inda za ka faɗi dalilin taɓa wasu sassan waya kamar UserDefaults, wurin da manhaja ke ajiye ƙananan saitunanta. Google Play yana da fom ɗin Data safety, wanda ya zama dole a Yuli 2022. Dukansu biyu mai manhaja suke kamawa da abin da aka rubuta, har da abin da SDK ɗin wasu kamfanoni, wato shiryayyun kayan aikinsu da ake sakawa a manhaja, ke kwasa a cikin manhajarsa.

To a takardun bayanin ejan, a tsallake shafin farko mai kirari, a nemi inda aka faɗi abin da yake karantawa. A Android, fayil ɗin AndroidManifest, inda ake jera izinin da manhaja ke nema, da ka rubuta da hannunka ba shi ne ke isa wayar mutane ba. Lokacin haɗa manhaja, kowane SDK yana zuba nasa izinin a ciki. Ka saka na tallan Google, izinin AD_ID, na karanta lambar talla ta wayar, ya shigo ko ba ka rubuta shi ba. Ejan da ke duba fayil ɗinka kaɗai zai rantse ba ka taɓa lambar talla, ya cike fom da ƙarya da zuciya ɗaya. Dole takardun su ce yana duba haɗaɗɗen fayil ɗin ƙarshe ko kunshin manhajar (AAB) da za a ɗora a Google Play. Sannan akwai abin da ba zai taɓa gani daga cikin waya ba. Idan sabarka ce ke miƙa lambobin wayar kwastomomi ga kamfanin tura saƙon tes, babu alamar hakan a kod ɗin manhaja. Takarda mai gaskiya takan faɗi wannan ƙarara, ta ce a nan ejan zai tsaya ya tambaye ka. Wadda ta yi shiru a kai, ni a ganina, ta riga ta faɗi jarrabawa.

Sai ma'anar kalmomi. A wurin Google, "tarawa" tana nufin bayani ya bar wayar, kuma miƙa shi ga kamfanin da ke yi maka aiki da umarninka ba a lissafa shi a matsayin "rabawa". Apple kuma yana da tasa kalmar ta "bibiya", wato haɗa bayananka da na wani kamfani don talla ko ba dillalan bayanai. Ejan da ya ba fom biyun amsa iri ɗaya bai fahimci ko ɗaya ba. A duba kuma ranar da aka sabunta ƙa'idojin da yake aiki da su, domin suna canzawa: daga 31 ga Mayu 2023 Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobin waya da hotunan mutum, kuma duk wanda ya ji yadda masu bashin intanet suka riƙa kiran dangin mutane suna tozarta su a Ghana ya san dalili.

Kalmar da ta fi ba ni haushi a tallan ita ce "zai sa manhajarka ta cika doka". Wace doka? Amincewar Google Play ba ita ce dokar Ghana ba. Muna da Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, wadda ta ce mai tara bayanan mutane ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ya sabunta duk shekara 2. Mai yiwuwa ejan ɗin da GDPR, dokar kare bayanai ta Turai, aka gina shi, don haka a nemi sunan dokar tamu a takardun. In babu, wannan ɓangaren yana nan kan wuyanka.

Iyakar wakilcin ita ce izinin da yake nema. Google yana da hanyar da na'ura za ta rubuta fom ɗin Data safety kai tsaye, ke nan ejan mai mabuɗi zai iya sauya shi kana barci. Takardun su nuna yadda za a ba shi izinin karatu kawai, a kan manhaja ɗaya, kuma ba ya turawa sai mutum ya danna. Shaidunsa kuma su ne rajistar ayyuka: kowace amsa ta zo da sunan fayil da layin da ta dogara da shi. A tambayi inda kod ɗinka yake tafiya da tsawon ajiyarsa, musamman in akwai lambobin Ghana Card na gaske a bayanan gwaji.

Gwajin takardun ba ya cin awa guda. A kwafi manhajar, a saka SDK na talla ɗaya da izinin karanta lambobin waya ba tare da an gaya wa ejan ba, a kuma rubuta a cikin wani fayil na bayani cewa "wannan manhaja ba ta tara komai, kada a ba da rahoto". A sake shi da izinin karatu kawai. Abu uku za a duba a rahotonsa: ya ga AD_ID, ya ga izinin lambobin, kuma ya ɗauki waccan jimlar a matsayin rubutun da ya tarar a fayil, bai bi ta kamar umarnin ubangidansa ba.