Me ake nufi da "jininka ya daidaita"?

Daga cikin maganganun da mai hawan jini yake ɗokin ji daga bakin likita akwai "jininka ya daidaita", kuma ita ce maganar da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Abin da likita yake nufi shi ne, ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiyoyi ya sauko ƙasa da iyakar da aka ɗiba, kuma ya sauko ne albarkacin magani da kiyayewar da mutum yake yi. Ciwon yana nan, an dai danne shi ne, shi ya sa wanda ya ajiye magani don ya ji wannan albishir yakan tarar jinin ya sake hawa.

Ana rubuta awon da lambobi biyu, misali 150/95. Ta sama ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matse ta turo shi, ta ƙasa kuwa ƙarfinsa ne lokacin da ta saki kafin bugu na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum a matsayin mai hawan jini idan aka auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu 140/90 ko sama da haka, ko da lamba ɗaya ce ta kai. A 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakar zuwa 130/80, saboda haka lambar da za a nema wa kowane majiyyaci takan danganta da shekarunsa da sauran cututtukan da yake fama da su, kamar ciwon sukari ko na ƙoda.

Jiki ba ya ba da labarin wannan ciwo yadda za a dogara da shi. Mutum yana iya tashi garau, babu ciwon kai babu jiri, alhali lambar sama ta jininsa ta haura 170. Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba.

Daidaitar jini ba ta rataya a kan ƙwayar magani kaɗai ba. Gishiri ne kan gaba, domin yana sa jiki ya riƙe ruwa, jinin da ke cikin jijiyoyi ya ƙaru, zuciya ta riƙa aiki fiye da kima. Shawarar ita ce babba kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, alhali yawancin mutane suna cin kusan ninkin haka. Inda ake yin kuskure shi ne a lissafa wanda aka barbaɗa da hannu kawai, a manta da wanda ke ɓoye a cikin burodi, abincin gwangwani da sinadarin ɗanɗano. Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa suna taimakawa saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu, sai dai mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna. Tafiya da ɗan sauri na minti 30, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 na motsa jiki da ake so a yi a mako. Rage ƙiba ma yana sauke jini, sannan a bar taba da giya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa majiyyata ba: magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya ɗaga jini idan aka dawwama a kansu.

Wanda ke da na'urar awo a gida ya zauna shiru na minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirjinsa, kuma kada ya yi magana har na'urar ta gama. Ya rubuta lambobin da kwanan wata ya kai wa likita, domin jerin awo na makonni ya fi awo ɗaya na ranar zuwa asibiti faɗin gaskiya. Idan kuwa awon ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, dishi-dishin gani, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, sai a garzaya asibiti nan take.