Shin Cocin Katolika ta koma gurguzu ne?

Tun 2013 da Fafaroma Francis ya rubuta cewa tattalin arzikin da ke yasar da talaka kisa yake yi, ake ta yamaɗiɗi wai Cocin Katolika ta rungumi gurguzu. Wasu kuma gani suke tunda ta yaƙi kwaminisanci, ai ta sa wa 'yan jari-hujja albarka ke nan. Duka biyun sun yi wa maganar gurguwar fahimta.

Koyarwar Coci kan dukiya da aiki ta hau kan mabiya Katolika ne, mai kamfani da lebura da mai mulki, kuma tushenta wasiƙar Rerum Novarum da Fafaroma Leo na 13 ya fitar a 1891. Ya ƙi amincewa a ƙwace dukiyar mutane a mayar ta kowa da kowa. Hujjarsa ita ce lebura zai fara shan wuya: wanda ya yi tsimi da albashinsa ya sayi ɗan fili, filin nan albashinsa ne ya sauya kama. A 1931 Fafaroma Pius na 11 ya ƙara fito da ita fili, ya ce mutum ba zai zama Katolika na gari kuma ɗan gurguzu na haƙiƙa a lokaci guda ba.

Amma wasiƙar ta Leo ba ta ƙyale masu cewa a sakar wa kasuwa mara ba. Su a wajensu, in ma'aikaci ya yarda da albashi, magana ta ƙare. Leo ya ce a'a. Wanda yunwa ko tsoro ya sa ya karɓi abin da ba zai riƙe shi ba, an zalunce shi ko da ya sa hannu. Ya kuma kare 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago.

Inda aka fi ruɗewa shi ne sakin layi na 2408 na Katekizim, littafin da ya tattara koyarwar Coci. Coci na ganin Allah ya yi arzikin duniya don kowa, don haka haƙƙin mallaka yana da iyaka. Wanda ya ɗauki kayan wani cikin matsananciyar larura bai yi sata ba. Masu dukiya na jin haka sai hankalinsu ya tashi, alhali sharuɗɗan na da tsauri. Dole larurar ta zama a bayyane kuma ta gaggawa, babu wata mafita, abin ya zama na ceton rai kamar abinci, sutura ko mafaka. Mai fasa shago ya kwashi talabijin lokacin tarzoma ba ya ciki. Kuma hukuncin lamiri ne, ba dokar ƙasa ba. Alƙali ba da Katekizim yake shari'a ba.

A ganina raunin koyarwar yana wajen albashi. Ta ce a biya na adalci, amma ba ta yanka adadi ba, sai mai kamfani ya biya abin da ya ga dama, ya shiga coci ranar Lahadi hankalinsa kwance.