Waiwaye: yadda alƙalan wasan sofbol suke rarrabe katsalandan da tare hanya

An fara wasan sofbol a Chicago a shekarar 1887, a matsayin besbol na cikin ɗaki, kuma sai bayan kafa ƙungiyar sofbol ta Amurka, ASA, a 1933 aka daidaita dokokinsa a faɗin Amurka. Filinsa matsattse ne: a nau'insa na jifa mai sauri, ƙafa 60 ce tsakanin tasha da tasha (wuraren da mai gudu yake takawa bi da bi don ya ci maki), alhali a besbol ƙafa 90 ce, shi ya sa mai gudu da mai tsaro suke yawan yin karo.

Doka ta raba laifin gida biyu. Idan mai gudu ya hana mai tsaro kama ƙwallon da aka buga, katsalandan ke nan. Nan take alƙali zai tsayar da wasa ya fitar da mai gudun daga wannan zagayen. Idan kuwa mai tsaro ne ya sha gaban mai gudu alhali ƙwallo ba ta hannunsa, kuma ba ya ƙoƙarin kama wadda aka buga, tare hanya ke nan, kuma a nan alƙali ba ya gaggawa. Zai miƙa hannun hagu gefe, ya bar wasa ya gudana, sannan ya ba mai gudu tashar da yake ganin da ya kai in ba a tare shi ba.

Taƙaddamar da ta fi daɗewa tana kan tare hanya ne. Tsohuwar doka ta yi wa mai tsaro uzuri idan yana dab da karɓar ƙwallon da aka jefo masa, sai masu tsaron tashar ƙarshe suka riƙa durƙusawa a kanta tun ƙwallo tana sama, kowane alƙali kuma da nasa ma'aunin wannan "dab". ASA ta soke uzurin a farkon shekarun 2000. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ƙara tsanantawa a 2018, inda ta hana toshe dukkan faɗin tasha ba tare da ƙwallo ba, sannan a 2024 ta mayar da ma'aunin kan gefen tashar da mai gudu yake fuskanta.

A ganina gyaran ya taimaka, domin inda ƙafar mai tsaro take abu ne da ido yake gani. Sai dai bai taɓa ɓangaren da ya fi wuya ba: har yanzu alƙali shi kaɗai yake ƙiyasta tashar da mai gudu zai kai, kuma a kan wannan ƙiyasi masu horarwa suka fi fitowa fili yin gardama.