Phillips Academy Andover: makarantar da ta yaye shugabannin Amurka biyu

Wace irin makaranta ce?

Sakandare ce mai zaman kanta a garin Andover na jihar Massachusetts, arewa da birnin Boston. Yawancin ɗalibanta kwana suke yi a ciki. Aikinta shi ne share wa yaro fagen shiga jami'a: ya shekara huɗu, daga aji 9 zuwa aji 12, sannan ya nemi gurbi a manyan jami'o'i. An daɗe ana kallonta a matsayin ƙofar shiga jami'ar Yale.

Wa ya kafa ta?

Samuel Phillips ƙarami, a shekarar 1778, Amurka na tsaka da yaƙin ƙwatar 'yanci daga Birtaniya. Shi kansa yana cikin hidimar yaƙin, domin masana'antarsa na yi wa dakarun George Washington albarushi. Mahaifinsa da baffansa John Phillips ne suka ba da filaye da kuɗi.

An soma karatu a wani tsohon shagon kafinta, da ɗalibai 13, ƙarƙashin Eliphalet Pearson. Cikin 'yan farkon har da wani yaro ɗan shekara shida, Josiah Quincy, wanda daga baya ya zama magajin garin Boston, ya kuma shugabanci jami'ar Harvard. John Hancock, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin Amurka, shi ne ya sa hannu a takardar rajistar makarantar a 1780, shahararren maƙerin azurfa Paul Revere kuma ya sassaƙa mata hatimi.

Ita ce Phillips Exeter?

A'a, Phillips Exeter wata makaranta ce daban, ƙanwar ta Andover. Baffan nan John Phillips ya kafa tasa a Exeter, jihar New Hampshire, a 1781. Tun 1878 makarantun biyu ke karawa a ƙwallon Amurka, kuma har yau ba a ga maciji a fili.

Me ake koyarwa a da?

Latin da Girkanci da lissafi, sai tarbiyyar addinin Kirista mai tsauri. A 1808 har makarantar horar da limaman coci aka buɗe a harabarta, ta zauna shekara ɗari kafin ta ƙaura Cambridge da ke kusa da Boston a 1908. Bayan tafiyarta Phillips Academy ta mallaki filayen da gine-ginen, attajiran tsofaffin ɗalibai suka yi ta zuba dukiya. Thomas Cochran, abokin kasuwanci a bankin J.P. Morgan, shi ya gina mata gidan adana zane-zane na Addison da aka buɗe a 1931.

Ba ta 'ya'yan masu hannu da shuni ba ce kawai?

Nan ne gizo ke saƙar. Kundin kafa ta ya ce a karɓi matasa daga kowace kusurwa, amma an shafe kusan shekara 200 "kowace kusurwa" ba ta haɗa da mata ba. 'Yan matan garin suna tasu makarantar daban, Abbot Academy, wadda ta buɗe a 1829, kuma sai a 1973 aka haɗe su. A aikace, gidajen manya ne suka fi cin moriyarta. Dangin Washington sun yi karatu a can. George H.W. Bush ya gama a 1942, ɗansa George W. Bush a 1964, dukansu biyu kuma daga baya sun shugabanci Amurka. A ganina ba darasin aji kaɗai irin waɗannan iyaye ke saya ba, har da abokan da yaro zai tashi da su.

Kuɗin shekara na ɗalibin kwana ya haura dala dubu 60.

To ɗan talaka fa?

Tun wajen 2008 makarantar ke tantance masu neman shiga ba tare da duba aljihun iyaye ba. In yaro ya ci, sai a lissafa abin da gidansu zai iya biya, a cike sauran daga asusun gudummawar tsofaffin ɗalibai. Wasu ba sa biyan ko sisi. Sai dai gurbin kaɗan ne, duka ɗaliban ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba, kuma yaron da ya taso a firamare mai kyau ya riga saura nisa tun kafin ranar cike fom.