Waiwaye: Yadda Aka Fara Koya wa Yara Karatun Fim

Ba a cika shekara ashirin da nuna fim ɗin farko ga jama'a a birnin Paris ba, wanda 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka yi a Disambar 1895, sai maganar yara ta taso. A 1913 Thomas Edison, mai ƙirƙire-ƙirƙire ɗan Amurka, ya yi hasashen cewa ba da jimawa ba fim zai maye gurbin littafi a makarantu. Hasashen bai tabbata ba, amma majigi ya shiga aji a matsayin kayan aikin malami, ana haska wa ɗalibai duwatsu da koguna da ƙwayoyin cuta, ba tare da an tambaye su yadda aka ƙera hoton da suke kallo ba.

Daga nan sai fargaba ta biyo baya. Tsakanin 1929 da 1932 gidauniyar Payne ta ɗauki nauyin wani babban bincike a Amurka kan tasirin fim ga yara, har ta kai masu binciken suna auna yawan juyin da yaro ke yi a kan gado a daren da ya je silima. Shekaru da dama tunanin iyaye da malamai bai wuce nan ba: fim abu ne da za a kare yaro daga sharrinsa.

A ganina, tushen gyaran ya fito ne daga Mosko, inda aka buɗe makarantar koyon fim ta farko a duniya a 1919. A can ne mai shirya fim Lev Kuleshov ya yi amfani da hoton fuskar wani jarumi guda, ya haɗa shi da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, masu kallo suka riƙa ganin yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar ba ta sauya ba. Duk yaron da aka gwada masa wannan a aji yakan gane cewa ma'ana tana fitowa ne daga hannun wanda ya yanka hotuna ya jera su, kuma da wuya ya sake kallon talla ko labarai da idonsa na da.

An daɗe kafin wannan fahimta ta isa ga yara ƙanana. Sanarwar Grünwald da aka fitar ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1982 ta nemi ƙasashe su sanya ilimin kafofin watsa labarai a manhaja, sai dai Faransa ce ta fi ɗaukar fim da muhimmanci. A 1989 ta soma kai 'yan ƙaramar sakandare gidan silima a cikin lokacin karatu, ta faɗaɗa shirin zuwa firamare a 1994, ɗalibi yana kallon fim aƙalla sau ɗaya a kowane zango, a dawo aji a tattauna. Wani darasi da masanin fim ɗan Faransa Alain Bergala da abokan aikinsa suka yayata shi ne a ba yaro kyamara ya kafe ta wuri guda, ya ɗauki minti ɗaya tak, kamar yadda su Lumière suka yi. Kafin ya danna, dole ya zaɓi inda zai tsaya, da abin da zai bari a wajen hoto, da lokacin da haske ya dace.

Yau kyamarar tana cikin wayar da ke aljihun matasa da yawa, saboda haka matsalar kayan aiki ta ragu ƙwarai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin da aka horar, domin a ƙasashe da dama wanda ake ɗora wa wannan darasi malamin adabi ne da bai taɓa haɗa hoto biyu da hannunsa ba.